Ba kowace bitar bincike ce abin dogaro ba: yadda ma'aikatan jinya za su tantance hujja

A yawancin ƙananan asibitocin karkara na Kamaru da Chadi da Nijar da arewacin Ghana, ma'aikacin jinya ko ungozoma ne ke riƙe da ragamar komai, domin likita yana nesa. Shi ke duba mara lafiya, ya rubuta magani, ya sa ƙarin ruwa, ya wanke rauni, ya kuma yanke shawarar ko a tura shi babban asibiti. Ƙa'idojin da yake bi suna zuwa masa daga ma'aikatar lafiya ko Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, kuma akasarinsu an gina su a kan wani nau'in rubutu da a Faransanci ake kira revue systématique. A Hausa muna iya ce masa tsararriyar bita.

A makarantun koyon aikin jinya ana koyar da cewa wannan bita ita ce ƙololuwar hujja. Hakan gaskiya ne idan an yi ta yadda ya kamata. Sai dai a yau ana buga irinta dubbai a kowace shekara, kuma da yawa daga cikinsu suna ne kawai. Wadda aka yi da ganganci tana iya sa a riƙa ba mutane maganin da ba ya aiki, ko a ɗauko hanyar da ta yi amfani a wata ƙasa a kawo ta inda za ta yi illa.

Mece ce tsararriyar bita?

A ce ana son sanin ko wata hanyar wanke rauni tana rage kamuwa da ƙwayoyin cuta. Wani asibiti ya gwada ta a kan mutum 60 ya ce tana aiki, wani ya gwada a kan 200 ya ce bai ga bambanci ba. Idan malami ya zauna ya zaɓo binciken da ya yi daidai da ra'ayinsa ya rubuta, wannan sharhi ne kawai. Tsararriyar bita tana bin matakai da aka sani, waɗanda kowa zai iya bin sawunsu.

Da farko ana tsayar da tambaya guda: waɗanne marasa lafiya, wace hanyar jinya, da me ake kwatanta ta, kuma wane sakamako ake aunawa. Sai a rubuta tsarin aikin kafin a fara. Daga nan a shiga rumbunan mujallun kimiyya a kwaso duk binciken da ya taɓa batun, mai daɗi da marar daɗi. Mutum biyu, kowa daban, su tace wanda ya cancanta, su kuma auna raunin kowane ɗaya. Idan binciken sun yi kama da juna, sai a haɗa alƙalumansu a fitar da sakamako guda, abin da ake kira méta-analyse. Daga ƙarshe a faɗi iya ƙarfin yaƙinin da ake da shi.

Kowane mataki daga cikin waɗannan an sa shi ne don toshe wata kafa da son zuciya ko kuskure ke shiga. Wanda ya tsallake ɗaya ya bar kafar a buɗe.

Inda abin ya samo asali

A shekarar 1972 wani likita ɗan Birtaniya, Archie Cochrane, ya wallafa littafin da ya girgiza likitoci, inda ya nuna cewa abubuwa da dama da ake yi wa marasa lafiya ba a taɓa gwada su yadda ya dace ba. Gwajin da ya fi aminta da shi shi ne wanda ake raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba ɗaya magani, ɗayan a ba shi wani abu daban, sannan a kwatanta.

A wannan shekarar ce kuma likitoci biyu a birnin Auckland na ƙasar Niyu Zilan, Graham Liggins da Ross Howie, suka buga gwajin da ya nuna cewa allurar sitiroyid ga macen da za ta haifi bakwaini tana taimaka wa huhun jaririn ya nuna. An yi wasu gwaje-gwajen bayansa, amma kowanne ƙarami ne, don haka likitoci da yawa ba su kula ba. Sai a ƙarshen shekarun 1980, da wata likita 'yar Ayalan, Patricia Crowley, ta tattara su wuri guda, sannan ta fito fili cewa wannan allura mai arha tana rage mutuwar bakwaini sosai. Tsakanin gwajin farko da wannan bita, jarirai masu yawa sun rasu alhali amsar tana warwatse a cikin mujallu.

Saboda wannan darasi, ƙungiyar Cochrane da aka kafa a Oxford a 1993 ta sa zanen sakamakon gwaje-gwaje 7 na wannan allura ya zama tambarinta. A ɓangaren jinya kuwa, an kafa cibiyar Joanna Briggs, wadda aka fi sani da JBI, a birnin Adelaide na Ostireliya a 1996, ƙarƙashin jagorancin farfesan jinya Alan Pearson. Sunan shugabar ma'aikatan jinya ta farko a babban asibitin birnin aka sa mata.

Abin da ta canza a ɗakin jinya

Shekara da shekaru ana koyar da cewa a cire kanular ƙarin ruwa a canza mata wuri duk bayan sa'o'i 72 zuwa 96, ko da lafiyarta ƙalau. Ma'aikatan jinya a jihar Queensland ta Ostireliya suka gwada wannan ƙa'ida. A gwajin da Claire Rickard ta jagoranta, wanda aka buga a mujallar Lancet a 2012, an bi marasa lafiya 3,283. Kumburin jijiya ya kama kashi 7 cikin 100 a ɓangaren da ake canzawa bisa agogo, ya kuma kama kashi 7 a ɓangaren da ake canzawa sai an ga alamar matsala. Bitar Cochrane da ta haɗa wannan da sauran gwaje-gwaje ta kai ga matsaya guda, kuma ƙasashe da dama sun gyara ƙa'idarsu. An rage wa marasa lafiya zafin sukar allura, an rage kuɗin kaya.

Haka nan rainon bakwaini a ƙirjin uwa, fata da fata, da ake kira salon kangaru. An fara shi a Bogota ta Kolombiya a 1978 saboda ƙarancin kwalaben raino. Bitar Cochrane ta 2016 ta tattara gwaje-gwaje 21 da suka ƙunshi jarirai 3,042, ta nuna cewa yana rage mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100 zuwa lokacin sallama daga asibiti. Wani babban gwaji da aka buga a 2021, wanda aka yi a Ghana da Najeriya da Malawi da Tanzaniya da Indiya, ya ƙara nuna amfanin fara shi nan take bayan haihuwa, kuma OMS ta sabunta shawararta a 2022.

Akwai kuma inda bita mai kyau ke fitowa ta ce hujjar ba ta isa ba. Kowane ɗalibin jinya ya haddace cewa a riƙa juya mara lafiyar da ke kwance duk bayan sa'o'i 2 don gudun gyambon kwanciya. Bitar Cochrane ta 2020 ta tarar cewa gwaje-gwajen da ake da su ba su isa a ce sa'o'i 2 sun fi 3 ko 4 ba. Wannan ba ya nufin a daina juya mara lafiya. Abin da ake nufi shi ne, adadin sa'o'in al'ada ce da aka gada, kuma ya dogara da halin mara lafiya da irin katifar da yake kai. Bitar da ke faɗin iyakar saninta ta yi aikinta.

Yawa ya kawo matsala

A 2010 wasu masana sun ƙiyasta cewa ana buga gwaje-gwaje 75 da tsararrun bita 11 a kowace rana. Wani nazari na baya ya nuna cewa zuwa 2019 adadin bitar ya kai kusan 80 a rana. Dalilin a fili yake: malamin jami'a yana neman ƙarin girma, ɗalibi yana neman digiri, kuma bita ba ta buƙatar asibiti ko mara lafiya, kwamfuta da intanet sun isa. A 2016 farfesa John Ioannidis na jami'ar Stanford a Amurka ya yi nazarin lamarin, ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 3 cikin 100 ne kawai na bitar da ke haɗa alƙaluma suka kasance masu inganci kuma masu amfani ga jinya. Sauran ko maimaici ne, ko masu rauni, ko masu ɓatar da mai karatu.

Binciken jinya yana da ƙarin wahala ta musamman. Ana iya ɓoye wa mara lafiya ko ƙwayar da ya sha magani ce ko gari ne kawai, amma ba za a iya ɓoye masa cewa an juya shi ko an zauna an yi masa nasiha ba. Ma'aikacin da ke auna sakamakon ma ya san ɓangaren da kowa yake, kuma sanin nan yana iya karkatar da abin da ya rubuta ba da gangan ba. Gwaje-gwajen jinya sau da yawa ƙanana ne, na asibiti guda. Hanyar da aka kira da suna ɗaya, kamar wayar da kan mai ciwon sukari, tana iya zama hirar minti 10 a wani wuri, ta zama darasin wata 6 a wani. Wanda ya haɗa alƙaluman waɗannan ba tare da lura ba ya auna gero da dawa a mudu ɗaya.

Wake ɗaya ɓata gari

Hanya ta farko da bita ke lalacewa ita ce shigar da gurɓataccen bincike. Mutanen Kamaru da Chadi da Najeriya sun san ivermectin, maganin da ake rabawa kyauta da sunan Mectizan don yaƙi da makantar kogi, kuma a wannan fagen amfaninsa tabbatacce ne. A lokacin annobar korona, wani bincike daga Masar da aka saka a intanet a ƙarshen 2020, kafin masana su tantance shi, ya yi iƙirarin cewa maganin yana rage mutuwar masu korona da kusan kashi 90 cikin 100. Bita da dama suka haɗa shi cikin lissafinsu, sakamakon ya yi kyau, labari ya bazu a WhatsApp da Facebook.

A watan Yulin 2021 aka janye binciken, bayan masu bin diddigi sun gano bayanan marasa lafiya da aka kwafa aka maimaita, da waɗanda suka rasu tun kafin a fara gwajin. Da aka cire shi da makamantansa masu rauni, amfanin ya ɓace. Ɗaya daga cikin fitattun bitar sai da aka janye ta aka sake lissafi. Bitar Cochrane da ta fito a watan, wadda ta tsananta wajen tacewa, tun farko ta ce babu tabbacin amfani, kuma manyan gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su ga amfanin ba.

Hanya ta biyu ita ce binciken da aka ɓoye. A 2008 Erick Turner da abokan aikinsa suka duba gwaje-gwaje 74 na magungunan ciwon damuwa da aka yi rajista a hukumar kula da magunguna ta Amurka. Daga cikin 38 da suka nuna amfani, an buga 37. Daga cikin 36 da ba su nuna ba ko suke da shakka, ba a buga 22 ba, an kuma rubuta 11 ta yadda za su yi kama da nasara. Duk wanda ya yi bita daga mujallu kaɗai zai ga maganin ya fi yadda yake.

Hanya ta uku ta shafi yankinmu kai tsaye. Bita da yawa suna karɓar abin da aka buga da Turanci ne kawai. Ke nan kundayen digiri da rahotannin da aka rubuta da Faransanci a Yamai da Njamena da Yawunde, ko da Larabci a Sudan, ba sa shiga lissafi. Ofishin OMS na Afirka yana da rumbun African Index Medicus don tattara binciken nahiyar, kuma bitar da ke magana a kan Afirka ya kamata ta leƙa cikinsa.

Akwai kuma tsufa. Wani nazari na 2007 da ya bi tsararrun bita 100 ya nuna cewa rabinsu sun buƙaci gyara cikin kimanin shekara 5 da rabi, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuma cikin shekara 2.

Bita mai kyau, amma daga wani wuri

Ko bitar da ba ta da aibi tana da iyaka, kuma allurar nan ta tambarin Cochrane ce ta koyar da wannan darasi. Kusan duk gwaje-gwajen farko an yi su ne a manyan asibitocin ƙasashe masu arziki, inda ake sanin makonnin ciki da na'urar hoto, ga kuma ɗakin rainon jarirai. Sai aka gwada faɗaɗa allurar zuwa ƙananan asibitoci da ƙauyuka a Ajantina da Gwatamala da Indiya da Kenya da Pakistan da Zambiya. Sakamakon da Lancet ta buga a 2015 ya tayar da hankali: ƙananan jarirai ba su amfana ba, mutuwar jarirai gaba ɗaya ta ƙaru da kimanin 3.5 cikin kowace haihuwa 1,000, alamun kamuwa da ƙwayoyin cuta ga iyaye mata ma sun ƙaru. Mata da yawa da aka yi wa allurar ashe ba bakwaini za su haifa ba, domin babu hanyar tabbatar da makonnin cikinsu.

OMS ta sake shirya wani gwaji a asibitoci 29 na Najeriya da Kenya da Indiya da Pakistan da Bangladash, da mata 2,852. A wannan karon an tabbatar da makonnin ciki da na'urar hoto, an kuma zaɓi asibitocin da ke iya kula da bakwaini. Sakamakon 2020 ya nuna mutuwar jarirai ta sauka daga kashi 23.5 zuwa 19.6 cikin 100. Allura ɗaya ce a gwaje-gwajen biyu, yanayin da aka ba da ita ne ya bambanta. Shi ya sa shawarar OMS take tafe da sharuɗɗa, kuma ungozomar da ta karanta shawarar ta tsallake sharuɗɗan ba ta bi hujja ba.

Haka batun wanke rauni yake. Tsohuwar bitar Cochrane ta nuna cewa ruwan famfo bai fi ruwan gishirin asibiti haɗari ba, amma ruwan da take nufi shi ne tsaftataccen ruwan sha da aka tace. Sabuntawar 2022 ma ta rage ƙarfin yaƙinin. Asibitin da ke ɗebo ruwa daga rijiya ko randa ba shi ake nufi ba. Ko batun kanula ma yana da sharaɗi: a gwajin Ostireliya ana duba wurin allurar a kai a kai. Inda ma'aikacin jinya guda ke riƙe da ɗaki cike da marasa lafiya da dare, dole a fara tabbatar da wannan dubawar.

Ma'aunan da ake amfani da su

Masana sun ƙirƙiro kayan awo don rarrabe tsaba da tsakuwa. PRISMA, wadda ta fito a 2009 aka sabunta ta a 2020, jerin abubuwa 27 ne da ya kamata marubuci ya bayyana. A lura cewa ita ma'aunin bayani ce: ana iya cika ta tsaf a bayyana aikin da aka yi da sakaci. Jimlar nan da ake yawan gani, cewa an bi PRISMA, ba shaidar inganci ba ce.

AMSTAR ce ke auna ingancin aikin kansa. Ta fito daga Kanada a 2007 da tambayoyi 11, sai AMSTAR 2 a 2017 da tambayoyi 16, 7 daga cikinsu masu nauyi. Bitar da ta faɗi a fiye da ɗaya cikin masu nauyin tana shiga aji mafi ƙasa, wanda bai kamata a dogara da shi ba. GRADE kuwa, wadda OMS ke amfani da ita, tana raba yaƙini gida huɗu: mai ƙarfi, matsakaici, mai rauni, mai rauni ƙwarai. Sai PROSPERO, rajistar da jami'ar York ta Ingila ta buɗe a 2011, inda ake ajiye tsarin bita kafin a fara, don kada wani ya ga sakamako sannan ya canza tambaya.

Tambayoyin da ma'aikacin jinya zai yi

Ba sai mutum ya ƙware a lissafi ba kafin ya gane bita mai rauni. Tambayoyi kaɗan sun isa a fara. Shin an yi rajistar tsarin aikin tun kafin a fara? A ina aka nemo binciken, da waɗanne harsuna, kuma zuwa wace shekara? Mutum nawa suka yi tacewar? An auna raunin kowane bincike, kuma an yi la'akari da raunin wajen yanke hukunci? Gwaje-gwaje nawa ne, marasa lafiya nawa? Abin da aka auna shi ne abin da ya dami mara lafiya, kamar rayuwa da warkewa da raɗaɗi, ko kuwa lambar gwajin jini ce kawai? Wa ya biya kuɗin aikin? Sai babbar tambaya: marasa lafiyar da aka gwada da asibitocinsu sun yi kama da namu?

Alama mafi sauƙin ganewa ita ce kwatanta ƙarshen bita da cikinta. Idan marubuta sun ce gwaje-gwajen ƙanana ne masu rauni, sannan suka rufe da kira a fara aiki da hanyar a ko'ina, to maganarsu ta wuce hujjarsu.

Samun bitar ma ya yi sauƙi fiye da da. Taƙaitattun bayanan Cochrane kyauta ne a intanet, kuma an fassara dubbai zuwa Faransanci cikin harshe mai sauƙi. Shirin Hinari na OMS, tun 2002, yana ba makarantu da asibitocin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi damar karanta mujallu kyauta ko da rahusa. Cochrane tana da cibiya a Afirka ta Kudu tun 1997, da reshe a asibitin koyarwa na Kalaba a Najeriya, da wani a babban asibitin Yawunde da aka ƙaddamar a 2021.

Abin da ya rage shi ne makarantun jinya na yankin su koyar da tantance bita kamar yadda suke koyar da sa allura, ma'aikatun lafiya kuma su riƙa rubuta ƙarfin hujja da sharuɗɗanta a jikin kowace ƙa'idar da suke aikawa asibitoci. Ma'aikacin jinya a Garwa ko Abeche ko zangon Kumasi yana da haƙƙin sanin inda aka gwada abin da aka ce ya yi, da irin marasa lafiyar da aka gwada a kansu, kafin ya yi shi a kan nasa.